Ramin Allura da Idon Ɗan Shekara Arba'in

Duk wanda ya saba zama a rumfar tela a Jangeru, ko ya ratsa wurin maɗinka a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san wannan: maigidan da ya shekara ashirin yana taka keke, yau shi ke miƙa wa yaron shago allura ya zura masa zare. Yana gane mai tahowa daga nesa sarai, amma lambar katin waya sai ya nisanta ta da fuska kafin ta fito. Galibi ba ciwo ba ne, shekaru ne.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta. Da ƙuruciya yana da taushi: idan za a dubi abu na kusa, wata tsoka da ke kewaye da shi takan sa ya ƙara kauri, hoto ya fito tar. Da tafiya ta yi nisa sai ya riƙa tauri. Abin yakan bayyana tsakanin shekara 40 da 45, ya yi ta ƙaruwa har wajen 60 zuwa 65, sannan ya tsaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum miliyan 826 ne ke fama da wannan ba tare da tabarau ba.

Maganin ya daɗe. Tun shekarun 1780 Benjamin Franklin na Amurka yake sa tabarau mai gida biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu. Illarsa ita ce layin da ya raba su: hoto yakan yi tsalle idan ido ya tsallaka, kuma abin da ke tsaka-tsaki, kamar fuskar wanda kake ciniki da shi, ba shi da gurbi. A 1959 wani injiniya ɗan Faransa, Bernard Maitenaz, ya fito da gilashin Varilux, wanda babu layi a jikinsa. Ƙarfinsa yana ƙaruwa ne a hankali daga sama zuwa ƙasa, ta wata siririyar hanya a tsakiya. Ka dubi gaba ka ga titi, ka ɗan sauke ido ka ga teburi, ka ƙara saukewa ka karanta takarda. Shi ne masu sana'ar ke kira furogiresib, tabarau mai hawa-hawa.

Sai dai wannan dabara ba kyauta take zuwa ba, kuma a nan masu talla sukan rage murya. Ba yadda za a jera ƙarfi kala-kala a gilashi ɗaya ba tare da gefuna sun yi dishi-dishi ba. Dole mai shi ya koyi juya kai duka maimakon satar kallo ta gefe. A kwanakin farko wasu sukan ji jiri, ƙasa ta riƙa yi musu kamar tana motsi, domin idan suka dubi ƙafarsu ta sashen karatu suke kallo. Wanda zai tsallaka kwata ko ya sauko daga babur sai ya sunkuyar da kai sosai. Yawanci ido yakan saba cikin mako ɗaya ko biyu; wasu kuwa ba sa sabawa sam.

Ga kuma awo. Sai an auna tazarar da ke tsakanin idanu biyu, da daidai inda kowane ido ya faɗa a cikin firam ɗin da aka zaɓa. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya ɓata aikin. Saboda haka ba kayan da ake saye a faifan ɗan tireda ba ne. Mutumin Jangeru ko Zurmi sai ya bi ta Ƙauran Namoda ya nufi Gusau, ko ya wuce Sakkwato, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki a 'yan shekarun nan, kuma idan gilashin bai zauna ba, sai an sake komawa.

A ganina, mafi yawan mutanenmu ba mai hawa-hawa suke buƙata ba. Wanda yake ganin nesa lafiya, tabarau na karatu mai arha ya wadace shi, ko tela ne, ko malamin allo, ko uwargida mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kada a raina shi: wani bincike da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari bayan an ba su tabarau na ganin kusa. Mai hawa-hawa ya fi dacewa da wanda dama yake sa gilashin nesa, ko wanda idonsa ba ya zama wuri ɗaya, kamar malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, mai duba takarda, ya dubi allo, ya dubi ɗalibai.

Wanda zai sayi na karatu a kasuwa ya gwada da rubutu a tazarar da yake aiki, ya ɗauki mafi ƙarancin ƙarfi da ya fito masa da haruffa. Masu farawa galibi +1.00 ko +1.50 ne, 'yan sittin kan kai +2.50. Amma idan nesa ma ta yi hazo, ko ganin gefe na raguwa, ko akwai ciwon sukari, tabarau ba zai warware ba. Yanar ido da hawan jinin ido a waɗannan shekarun suke kama mutane, na biyun kuma yakan ci gani a ɓoye, ba zafi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Wannan sai likitan ido ya auna.