Tiyar Kunce

A kasuwar Lahadi ta Filinge akwai wata mai awo da nake sayen hatsi wurinta. Tiyarta tsohuwa ce, bakin ya ɗan lanƙwashe, amma in ta cika sai ta yi mata tozo, ta kuma ƙara da tafin hannu. Can gefe akwai wani mai carbi har gwiwa wanda ya bubbuge gindin tasa tiyar daga ƙasa. In sarkin kasuwa na kusa, awonsa lafiya lau. Da ya ba da baya, shi ke nan.

Su biyun nake tunawa in tsofaffin Kurfai, yankin Filingen nan, suka ɗauko zancen Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, nan maƙwabta a Tondikandiya. Ran 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da gwamnatin shugaban Nijar Diori Hamani, ya karɓi mulki, ana tsakiyar fari, ana kukan hatsin taimako ba ya isa ga talaka. Musulmi ne, kuma a shekarar nan aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, wadda ta tattara malamai ƙarƙashin idon gwamnati. Sai dai ya ajiye Amadu Umaru Bonkano a jikinsa, mutumin da aka sani da laƙani da duba. A Oktoban 1983, Kunce yana Faransa wurin taro, Bonkanon nan ne ya nemi kwance masa zani a kasuwa, ya yi yunƙurin kifar da shi. Laya dai ba ta gane maci amana ba.

Wasu na cewa tsoron Allah ne ya sa yakan faɗo ma'aikata ba sallama, ya ga wa ya makara, wa ya taɓa dukiyar ƙasa. Mai yiwuwa. Zuciya ba a leƙa ta. Amma ma'aikatan fa? Da yawansu irin mai carbin nan ne: Kunce suke tsoro, shi ne sarkin kasuwarsu. Hukuma na iya sa a cika tiya daidai baki. Tozon nan da ƙarin tafin hannu kuwa, babu jandarman da ke tilasta su, nan ne aikin addini yake.

Kuma in za a auna Kunce, a auna duka. Ya tsare rumbun ƙasa, wannan ba gardama. Amma matar Diori, Aisa, a daren juyin mulki ta rasa ranta, shi kuma Diori ya shekara shida a tsare ba shari'a. Ni a ganina tiyar Kunce ta cika wajen amana, ta yi rangwame wajen tausayi. Ya rasu a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, aka kai shi Fandu aka rufe.