Fitilar Gidan Biki Ba Ta Wasan Kwaikwayo Ba Ce

Duk ranar yaye ɗalibai, daga makarantun Ikara har zuwa na Hunƙuyi, sai an maimaita ɓarna iri ɗaya. Yara su kwana biyu suna haddar wasa, ranar nuni kuma a hayo ƙatuwar fitilar halojin ta gidan biki, a rataya ta a tsakiyar rufi ko a bangon baya, a ce ai wuri ya haska. Abin takaici, ƙasar da ta haifi Shu'aibu Maƙarfi, marubucin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ita ce ake nuna wasa a cikinta ba a ganin fuskar ɗan wasa.

Hasken dandamali aikinsa nuna wa ɗan kallo inda zai duba. Amma mutanenmu sun ɗauka yawan haske shi ne kyau. Ba haka ba ne. Fitilar da ke saman kai inuwa take zubawa a ramin ido da ƙarƙashin hula, sai yaro ya yi kama da mai jinya. Ta bangon baya kuwa idon iyaye take kashewa, 'yan wasa su zama duhu-duhu. A ƙara da farar shadda, wadda ke maido da haske fiye da fatarmu: riga na ƙyalli, fuska ta ɓace. Yarinya ta fashe da kuka a matsayin matar da aka saka, na layi na biyar bai san kuka take ko dariya ba. To ina amfanin wahalar?

Tun 1932 Stanley McCandless na jami'ar Yale a Amurka ya rubuta dabarar da har yau ake bi: fitila biyu daga gaban ɗan wasa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta sauko a karkace kamar digiri 45. Gora biyu dogaye sun wadatar wajen rataya fitilun. A sa mai ruwan ɗorawa a gefe guda, fara a ɗaya gefen, fuska ta fito sosai. A guji kore, yana mayar da baƙar fata toka-toka. Kada a kai fitila nesa, domin in nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ke isowa.

Sai batun wuta. Halojin biyu masu wat 500 sun fi ƙarfin ƙaramin janareta, shi ya sa yake shaƙewa ana tsakiyar wasa. Fitilun LED huɗu masu wat 30, jimla 120 ke nan, ba sa zafi kamar halojin. Masu naɗa leda mai launi a bakin halojin kusa da labule, ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne a wurin. Haka masu haɗa tsirarar waya su ɗaure da leda. A kira mai gyaran wuta, a sa soket da makunni, a bi da waya ta jikin bango. Janareta ya zauna waje, nesa da taga, don hayaƙinsa na kisa. 

A ba ɗalibi ɗaya makunnan da takardar wasan, a yi masa alama inda zai kunna da inda zai kashe. A gwada da dare kafin ranar, cikin kayan da za a sa, malami ya koma kujerar ƙarshe ya duba ko yana ganin idon kowa.