Katun ɗin Japan na Soyayyar 'Yan Sakandare: Don Wa Ake Yin Su?

Duk bayan wata uku, wato a farkon Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, gidajen talabijin na Japan kan sauya jadawali, sababbin finafinan zane da ake kira anime su fito da yawa a lokaci guda. A kowane zango ba a rasa wasu da labarinsu ke gudana a makarantar sakandare: yaro da yarinya a aji ɗaya, kowa na son ɗan'uwansa, kowa ya kasa faɗa. Zango ɗaya kan ɗauki kashi 12 ko 13, kowane kashi kimanin minti 24, kuma sa'o'i kaɗan bayan an haska shi a Tokyo ya riga ya iso wayoyin matasa a ko'ina cikin duniya da fassara a ƙasan allo, har da wayoyin namu 'ya'yan. Daga nan musu ke tashi. Wani uba ya leƙa wayar 'yarsa, ya ga zane, ya ce ai katun ne, ya wuce hankali kwance. Wani kuma an turo masa guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, ya yi wa abin kuɗin goro, ya ce duk batsa ce da aka lulluɓe da zane. Su biyun kuskurensu ɗaya ne, domin kowannensu ya yanke hukunci ne da ganin zane da kayan makaranta, alhali waɗannan abubuwa biyu ba sa nuna wanda aka yi fim ɗin dominsa.

Abin da ke nuna hakan shi ne lokacin da ake haska fim da kuma mujallar da labarin ya fito. Shirin da aka yi don yara da iyali, irin su Doraemon ko Sazae-san da ake nunawa tun 1969, da yamma ake sa shi, lokacin da kowa ke gida. Mafi yawan finafinan soyayyar makaranta kuwa sai dare ya raba, har jadawalin Japanawa kan rubuta ƙarfe 25, ma'ana ɗaya na dare. Babu gidan talabijin da zai nemi ɗan firamare a wannan lokaci. Haka kuma yawancin labaran suna farawa ne a matsayin manga, wato labarin zane a takarda, kuma mujallun manga a rarrabe suke bisa masu karatu: na yara maza, na 'yan mata, na samari manya da magidanta, na manyan mata. Kaguya-sama na Aka Akasaka, wanda aka mayar fim a 2019, a Weekly Young Jump ya fito, mujallar manyan samari. Skip and Loafer na Misaki Takamatsu, wanda ya zama fim a 2023, daga Afternoon yake, ita ma ta manya ce. Kimi ni Todoke na Karuho Shiina kuwa daga Bessatsu Margaret ya fito, mujallar 'yan mata. Duka ukun 'yan shekara goma sha biyar zuwa sha takwas ne a cikinsu, sanye da kayan makaranta, amma ba mutum ɗaya aka rubuta wa su ba.

Yadda kuɗi ke zagayawa a sana'ar ya ƙara fito da wannan fili. Ba kamfanin zane ne ke ɗaukar nauyin fim shi kaɗai ba. Kwamiti ake kafawa, mawallafin littafi da gidan talabijin da kamfanin waƙa da masu sayar da faifai da 'yan tsana kowa ya zuba nasa, kowa kuma ya ci riba ta ɓangarensa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san yadda yake yago ɗan yanki ya miƙo a ɗanɗana. Ba kyauta ya yi ba, kuma bai yi niyyar ƙosar da kowa ba, so yake bakin mai saye ya kama ya sa hannu a aljihu. Kashi 12 na zango guda wannan ɗanɗanon ne, kilishin kansa kuma shi ne littattafan manga da faifan da 'yan tsanan. Shi ya sa sau da yawa zango kan ƙare labari na tsaka, yaro bai faɗa ba, yarinya ba ta amsa ba, mai kallo ya rasa dalili. Dalilin shi ne ana so ya je ya sayi ci gaban a kanti. Faifai guda mai kashi biyu ko uku kan ci dubban yen, kuɗin da sai mai albashi. Ƙungiyar kamfanonin anime ta Japan ta ƙiyasta kasuwar a kan sama da yen tiriliyan 3 a 2023, fiye da rabi daga ƙasashen waje, kuma a 2021 kamfanin Sony ya biya sama da dala biliyan ɗaya ya sayi dandalin Crunchyroll. Sana'a mai wannan girma ba da kuɗin tara na 'yan makaranta take tsaye ba.

To me ya sa babban mutum zai raba dare yana kallon 'yan sakandare? Amsar tana cikin tsarin rayuwar Japan. Shekarar karatu tana farawa ne a Afrilu, lokacin da furannin sakura ke buɗewa, babbar sakandare kuma shekara uku ce, kuma sama da kashi 98 cikin ɗari na yara suna shiga ta ko da yake ba dole ba ce. Kafin ta akwai jarrabawar neman gurbi, bayanta akwai jarrabawar shiga jami'a da ake yi a Janairu, sannan neman aiki, inda kamfanoni ke ɗibar sababbin ma'aikata gaba ɗaya su fara a Afrilu, cikin ƙasar da har ta ƙirƙiri suna ga mutuwa saboda yawan aiki. Waɗannan shekaru uku su ne abin da kusan kowane Bajapane ya taɓa ratsawa, ko ɗan birni ne ko ɗan ƙauye: ƙungiyoyin wasanni da na fasaha bayan an tashi daga aji, bikin al'adu na shekara, tafiyar da aji ke yi zuwa Kyoto ko Okinawa, cakulan da 'yan mata ke bayarwa ranar 14 ga Fabrairu a rama musu ranar 14 ga Maris. Marubucin da ya kafa labarinsa a nan ba ya buƙatar yi wa kowa bayani. A ganina akwai kewa a cikin abin, kewar lokacin da zuciya ke da sarari. Ƙasar da matsakaicin shekarun auren fari ya kai kimanin 31 ga maza, ya kusa 30 ga mata, kuma haihuwa ta faɗi ƙasa da 700,000 a 2024, ita ce ke fitar da labaran soyayyar ƙuruciya zango bayan zango. Ba na cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya, amma da wuya mutum ya ajiye su gefe da gefe bai yi tunani ba.

Wanda ya zauna ya kalli masu kyau daga cikinsu zai yi mamakin yawan kunyar da ke ciki. Ginshiƙin labarin shi ne furta so, kuma ana jan sa kamar ba za a kai ba. A Kimi ni Todoke, Sawako yarinya ce mai shiru da 'yan ajinsu ke tsoro saboda kamanninta sun yi kama da fatalwar wani fim, kuma sai bayan kashi sama da 30 ita da Kazehaya, yaron da take so, suka iya faɗa wa juna abin da ke ransu. Rabin labarin ma a kan yadda ta samu ƙawaye biyu ne. A Kaguya-sama girman kai ne ya hana haziƙai biyu magana, kowa na ƙulla dabarar da za ta sa ɗayan ya fara furtawa, har zango na uku a 2022. A makarantun Japan da sunan dangi ake kiran mutum, don haka ranar da yarinya ta kira yaro da sunansa na yanka kan zama babban al'amari da zai cinye kashi guda, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan nauyin da ke cikin ambaton suna. Skip and Loafer labarin Mitsumi ne, 'yar wani ƙaramin gari a lardin Ishikawa da ta zo Tokyo karatu da burin zama ma'aikaciyar gwamnati don ta taimaki garinsu. Koe no Katachi, fim ɗin 2016 na kamfanin Kyoto Animation da Naoko Yamada ta ba da umarni, yana bin yaron da ya ci zalin wata kurma a firamare, ya girma da nadama yana neman gafara. Wanda ya kira waɗannan batsa bai kalle su ba.

Amma mai tsoron abin yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai finafinai da dama a wannan fanni da kyamara ke bin jikin 'yan mata masu shekara 15 ko 16 ta hanyar da ba ta da wani amfani ga labari sai jawo masu saye. Kashin zuwa bakin teku da na wurin wanka sun zama al'ada, har masu kallo na jiran su. My Dress-Up Darling na 2022 labari ne mai daɗi game da yaron da ya iya ɗinki, amma cike yake da irin wannan, Kuzu no Honkai na 2017 kuwa kai-tsaye yake magana kan kwanciya tsakanin ɗalibai. Su kansu Japanawa sun daɗe suna jayayya a kai. A 2010 majalisar Tokyo ta tsaurara dokar sayar wa yara irin waɗannan littattafai, a 2014 ƙasar ta haramta mallakar hotunan batsa na yara amma ta tsame zane daga dokar, abin da ya jawo mata suka daga waje, kuma sai a 2023 aka ɗaga shekarun amincewa da saduwa daga 13 zuwa 16 a dokar ƙasa. Ko inda babu tsiraici, akwai tarbiyyar da ta saɓa wa tamu: soyayyar da ba ta nufi aure ba, keɓewar saurayi da budurwa, ziyarar wurin bauta na Shinto a sabuwar shekara. A Ao no Hako, wanda aka fara nunawa a 2024, labari ne mai tsafta kan wasanni, amma tushensa shi ne yarinyar ta koma zama a gidan su yaron da ke son ta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da yake tabbatarwa shi ne finafinan sun bambanta ƙwarai, kuma uban da ya ce ai katun ne ya fi kowa barin ƙofa a buɗe.

Akwai wata illar da ba a cika ambata ba, wadda a wurina ta fi ta nuna jiki dagula tunanin matashi. Makarantar da ke cikin waɗannan finafinai mafarki ce. Iyaye ba sa nan, ko suna aiki a wata ƙasa, malamai ba su da nauyi, jarrabawa kan zo ta wuce cikin kashi ɗaya. A Japan ta zahiri, ma'aikatar ilimi ta ƙirga yara kusan 346,000 na firamare da ƙaramar sakandare da suka ƙaurace wa makaranta na tsawon lokaci a shekarar karatu ta 2023, kuma ɗalibai 529 ne suka kashe kansu a 2024, adadi mafi yawa da aka taɓa gani zuwa lokacin. Cin zali a makarantu ya kai har aka yi masa doka ta musamman a 2013, bayan mutuwar wani ɗalibi a birnin Otsu. Babban da ke kallo a Osaka ya san abin da aka goge daga hoton, domin ya yi makarantar. Yarinya mai shekara 14 da ke kallo a wata nahiya ba ta sani ba, sai ta auna ajinta da gidansu da ƙawayenta da ma'aunin da ko a Japan ba a taɓa cika shi ba.

Masu cewa a hana baki ɗaya suna da tarihin da ya kamata su duba. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Rubutun bai mutu ba, ya koma WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa kuma babu mai sanin shekarun mai karatu. Ƙasar Sin, duk da ƙarfin ikonta a kan intanet, ta fitar da jerin anime 38 da ta haramta a 2015, kallon anime bai tsaya a can ba. Hukumar tace finafinai tana iya rufe shago, ba ta iya shiga katin waya. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da yaran da ba su da kuɗin biyan Netflix ko Crunchyroll ke bi, wato shafukan sata da tasoshin Telegram. A can babu alamar shekaru, kuma tallace-tallacen da ke gefen allo sau da yawa sun fi fim ɗin muni nesa ba kusa ba. Hukumomi da masu wa'azi kan yi ta magana a kan zanen, ba a cika jin wanda ya ambaci wannan ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Tantancewar ba ta da wuya ga wanda ya so yi. Dandalin da ke kan ƙa'ida yana rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane fim. Sunan fim kaɗai ya isa a gano mujallar da ya fito da rukunin da aka sa shi, kuma kalmar ecchi a jerin rukunan alama ce ta cewa an gina shi ne a kan nuna jiki. Masu bin zango da kansu suna da al'adar kallon kashi uku na farko kafin su yanke shawarar ci gaba ko bari, abin da bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Iyaye da yawa ba za su iya karanta fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo ba, wannan kuwa uzuri ne na gaske. Amma akwai yayye da malamai da 'yan jarida da ke iyawa, kuma kamar yadda ake sharhin finafinan Kannywood da na Indiya da Hausa a rediyo da shafukan sada zumunta, babu abin da ya hana a riƙa yin na anime a farkon kowane zango, a faɗi sunan fim, a faɗi abin da ke cikinsa, a faɗi shekarun da ya dace da su.