WAI JININA YA KUMBURA: TAKARDAR DA TA SO RUSA MIN AURE

 Yau ba labarin wata na kawo muku ba, nawa ne na kaina, don wallahi saura ƙiris 'yar takarda guda ɗaya ta raba ni da wanda zuciyata ta zaɓa, ba don komai ba sai don rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

Ni dai haifaffiyar Ɗansoshiya ce a ƙaramar hukumar Kiru. Bayan na gama makarantar kwana aka kawo kuɗin aurena, aka sa rana, saura wata biyar. Kun dai san tun shekarar 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ana duba sikila da ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu. Sai muka shirya zuwa asibiti ni da shi, aka haɗa mu da goggonsa a matsayin 'yar rakiya. Duk abin da doka ta ce a duba lafiya lau ya fito. Har mun miƙe za mu tafi, sai wata malamar asibiti ta kira ni, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta ce, "Ke 'yar nan, idonki fa ya yi fari. Bari a ƙara miki da cikakken awon jini."

Ko da takardar ta fito, sai ga haruffa da lambobi rututu. Wani saurayi a ɗakin gwajin ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta MCV, lambar kuwa 108, ya ce, "Jininki ya yi ƙasa, kuma ƙwayoyin jinin sun yi girma fiye da ƙima. Ki ga likita." Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma ashe kunnen Goggo yana kanmu.

MAGANA ZARAR BUNU

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Da la'asar ana cewa ƙwayoyin jinina sun yi girma, da magariba an koma jinin yarinya ya kumbura, kafin gari ya waye kuwa har an ce ciwon daji ne, wata ma ta rantse irin wannan ba sa haihuwa. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta aika kemis aka sayo kwalbar maganin ƙarin jini, ga lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma. Shi kuwa gogan naku, mutumin da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya fashin zance, kwana huɗu cur ban ga ƙeyarsa ba. Allah Sarki! Na yi kuka har idanuna suka yi luhu-luhu, na ɗauki takardar nan na juya ta ya fi sau ɗari, kamar in na ƙura mata ido za ta yi min magana.

Ran na biyar sai ga sallamarsa. Na fito ina ta cin magani, ko kallonsa ban yi ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, a gida aka sa ni gaba. Na ce musu ba zan yanke hukunci da maganar zaure ba. Gobe ki shirya, ke da Yayarki ta Bebeji, Kano za mu je mu ji daga bakin masu abin." Washegari da sassafe muka fita Kwanar Dangora muka hau motar Kano, gabana sai dukan uku-uku yake.

ABIN DA LIKITA TA CE

Likitar mace ce mai fara'a. Ta karanta takardar tsaf, ta dube ni ta ce, "Amarya, wa ya ce miki jini yana kumbura?" Sai kawai hawaye. Ta miƙo min hankici ta ce in saurara.

Ta ce a cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi, su ne ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. A cikin ɓargo ake ƙera su, kowacce takan yi kwana kusan 120 tana aiki, sai ta mutu wata ta gaje ta. MCV ɗin nan ba sunan cuta ba ne, awo ne na matsakaicin girman ƙwaya ɗaya. Ga baligi yakan tsaya tsakanin 80 da 100. In ya yi ƙasa da 80 ƙwayoyin sun yi ƙanana, kuma yawanci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda shi ya fi damun 'yan mata saboda jinin al'ada. In ya haura 100, kamar nawa, to sun yi girma.

Sai Yaya ta yi caraf ta ce, "To likita, in sun yi girma ba jinin ne ya ƙaru ba?" Likita ta yi dariya ta ce, "Ai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ki ɗauka mai fura ce ta kirɓa dawo, maimakon ta cura goma daidai wa daida, sai ta cura biyar manya-manya masu saurin farfashewa. Haka abin yake. A cikin ɓargo ƙwaya takan girma, sannan ta rabu biyu. Ba ta iya rabuwa a kan lokaci sai da abu biyu, folik asid da bitamin B12. In ɗaya ya yi ƙaranci, sai ta yi ta girma babu rabuwa, da yawa su lalace tun a ɓargo, waɗanda suka fito su zama manya amma 'yan kaɗan. Shi ya sa mutum yake gajiya, yana haki, yana jin jiri."

TAMBAYOYIN DA SUKA TONA NI

Daga nan ta shiga jero tambayoyi. Ta farko ma sai da na ɓata rai, wai ko ina shan giya. Ta ce kada in ji haushi, kowa ake tambaya, don giya da ciwon hanta suna cikin manyan abubuwan da ke girmama ƙwayoyin jini a duniya. Ta tambayi magungunan da nake sha, ta ce akwai na farfaɗiya, da wani na ƙanjamau, da na ciwon suga mai suna metformin, da na olsa in an daɗe ana sha, duk suna iya jawo haka. Masu sikila da ke shan hydroxyurea kuwa, girman ƙwayoyin a wajensu abu ne da likita yake sa ran gani, ba dalilin daina magani ba ne. Ta shafa wuyana, ta ce wani ƙulli da ke maƙogwaro, wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, shi ma in aikinsa ya yi sanyi yana kawo wannan. A wajen tsofaffi kuma wani lokaci ɓargon ne kansa yake samun matsala, shi ya sa ba a yin sakaci da takardar.

Sai ta ce in fiddo harshena. Ja wur, ga santsi, dama ya daɗe yana min zafi in na ci yaji. Ta ce, "Zazzaɓin cizon sauro fa?" Na ce sau uku ya kayar da ni a daminar nan. Ta gyaɗa kai, ta ce zazzaɓin yana farfasa ƙwayoyin jini, ɓargo ya shiga aikin gaggawa, folik asid ɗin jiki ya yi saurin ƙarewa. "To me kike ci?" Nan fa na sunkuyar da kai. Yaya ce ta tona ni: "Likita, tun da yarinyar nan ta dawo daga makaranta ta ce kwaɗon zogale da faten wake abincin ƙauye ne. Daga shayi da burodi sai taliya da mai da yaji, wai kada ta yi ƙiba kafin biki." Shi kuwa mutumin naku yana gefe yana ƙunshe dariya.

Likita ta ce ajiyar folik asid a jiki ba ta wuce ta wata uku zuwa huɗu, saboda haka 'yan watanni na rashin ganye sun isa. B12 kuwa hanta tana ajiye na shekaru, kuma daga abincin dabba kaɗai ake samunsa, wato nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Wasu suna ci amma cikinsu ba ya iya tsotsarsa, su sai an yi musu allura.

KADA KI SHA KAFIN A AUNA

Na ce, "To likita, in haka ne ai sai in sayi folik asid a kemis in huta." Sai fuskarta ta canja. Ta ce, "Nan ne fa haɗarin yake, ƙanwata. Shin ƙafafunki suna sagewa, ko kina jin kamar kiyashi na yawo a tafinsu? Kina yawan mantuwa?" Na ce a'a. Ta ce ƙarancin B12 ba jini kaɗai yake taɓawa ba, har jijiyoyi da laka. Wanda B12 ne matsalarsa in ya sha folik asid shi kaɗai, takardar jini za ta yi kyau, ya ɗauka ya warke, alhali jijiyoyin suna can suna lalacewa, wani lahanin ma ba ya gyaruwa. Don haka sai an auna biyun kafin a san wanda za a ba mutum. Maganin ƙarin jinin da Inna ta saya ma ta ce a ajiye shi tukuna, don irinsa yana rikita awo, lemon malt da madara kuwa abin sha ne, ba magani ba.

Aka sake ɗibar jinina, aka shafa a gilashi aka duba da madubin likita, aka auna folik asid da B12 da lafiyar hanta da ta ƙullin maƙogwaro. Bayan kwanaki muka koma. Folik asid ne ya yi ƙasa, sauran duk lafiya. Ba daji, ba kumburi, ba komai.

ASHE ABIN YA DAƊE

Daga baya da na bi diddigi, na gane ba ni ce farau ba. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta ba da rahoton aikinta a birnin Bombay na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, inda ta tarar da mata talakawa masu juna biyu suna fama da ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi, ta kuma gano wani abinci da ake yi da yis yana warkar da su. A 1941 aka ciro sinadarin daga ganyen alayyahon Turawa, sunan folik ma daga kalmar ganye ya fito a harshen Latin. A nan kusa da mu kuwa, Farfesa Alan Fleming da abokan aikinsa a Zariya sun bi mata Hausawa 200 masu cikin fari, suka buga sakamakon a 1986, suka nuna cewa kare mai ciki daga zazzaɓin cizon sauro tare da ba ta sinadarin ƙarfe da folik asid shi ne hanyar tsare jininta.

Kuma ga abin da ya fi shiga raina. Likita ta ce da ita ce ni, godiya za ta yi da abin ya bayyana kafin aure. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta samu ba. In folik asid ya yi ƙaranci a kwanakin nan, ana iya haihuwar yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mace mai shirin ɗaukar ciki ta riƙa shan maikrogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga. Kun ji fa, amare.

YADDA TA ƘARE

Aka rubuta min ƙwaya ta wata huɗu, aka ce in kwana a gidan sauro, in koma wa abincin gidanmu. Zogale da rama da alayyaho da wake da gyaɗa, ga kifin Tiga, ga kindirmon Fulanin dajinmu, abin da nake rainawa ashe shi ne dukiyata. Likita ta ja kunnena cewa folik asid ba ya son doguwar dahuwa, kuma yana bin ruwa, saboda haka kada a dafa ganye ya yi lugub a tsiyaye ruwan a zubar. Cikin mako biyu hakin nan ya ragu, harshena ya daina zafi. Lambar kuwa ba ta sauko da wuri ba, don sai tsofaffin manyan ƙwayoyin sun ƙare kwanansu. Bayan wata uku na sake awo, MCV ya dawo 92.

An yi biki a ranar da aka sa, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba. Goggo ba ta taɓa buɗe baki ta ce in yafe mata ba, amma ran da ta fara zuwa ɗakina da ƙullin zogale ta shigo, ta dire a gabana ta ce, "'Yata, an ce shi ne maganinki." Na karɓa da hannu biyu, magana ta wuce.

To 'yan'uwa, in kin karɓi takardar awo kika ga MCV ya haura 100, kada ki tsorata, kada kuma ki cusa ta ƙarƙashin katifa. Ba hukunci ba ce, tambaya ce jikinki yake yi, likita ne zai nemo amsar. Ki faɗa masa gaskiyar abin da kike ci da duk maganin da kike sha, ko na gargajiya ne. In kina jin sagewar ƙafa ko hannu, ko haki ya yi yawa, ko idonki ya yi rawaya, kada ki kwana biyu. Sannan takardarki sirrinki ce, ki san gaban wanda za a karanta ta. Ku kuma samari masu leƙa mujallar ƙannenku a ɓoye, ku yi koyi da nawa, ku ji daga bakin likita kafin ku ji daga bakin zaure.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya kai kowace gidanta da alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.