Ko Kun Sani? Sunan da Ake Rubutawa Daban, Ake Faɗa Daban

A Birtaniya, iyalin da ke rubuta sunansu Cholmondeley "Camli" ake kiransu, Beauchamp kuma "Bicam". Ba ganganci ba ne. Rubutu ne ya tsaya cik a takardun gado da na filaye, baki kuwa ya ci gaba da haɗiye gaɓoɓi shekaru aru-aru. Beauchamp sunan Faransanci ne da ya shigo tare da Normawa bayan mamayar da suka yi a 1066, harshen Ingilishi ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Na Menzies a Sukotlan ya fi ban mamaki: asalinsa akwai wani tsohon harafi, yogh, da masu ɗab'i suka rasa a kayan aikinsu, suka sa z a madadinsa. Shi ya sa ake cewa "Mingis", har aka riƙa kiran ɗan siyasa Menzies Campbell da "Ming".

Wani zai ce, to me ya hana a gyara rubutun? Wasu sun gyara, akwai masu rubuta Beecham. Amma manyan gidaje ba su da dalilin yi, domin wahalar tana yi musu aiki: da baƙo ya buɗe baki, an gane ba ɗan gida ba ne.