Dusar Ɗan Issa: Abin da surfe ke ɗauke wa fura

A Ɗan Issa, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ba a zubar da dusa. Da an gama surfe da bakace sai a auna ta a tiya, masu turke raguna su saya, musamman in Layya ta gabato.

Amma me ake ba ragon?

Dusa ba fata ɗaya ba ce. Masu bincike sun rarrabe ta hawa-hawa: akwai ɓawon waje mai yawan harza, sai wani siririn mayafi, sannan shimfiɗar da suke kira aluron, wadda ke manne da garin. A wannan shimfiɗa da kuma idon ƙwayar ne yawancin sinadarin ƙarfe, zinki da mai suke. Taɓarya ba ta san wannan bambanci ba, injin surfe ma haka. Duk yadda aka matsa don fura ta yi fari, amfanin ne ke tafiya wurin dabba, a yankin da ƙarancin jini ya addabi mata da yara.

Sai dai barin surfe ba shi ne magani ba. Cikin dusar akwai fayitet, sinadarin da ke hana jiki tsotse ƙarfen, kuma man da ke cikinta na sa gari saurin ɓaci. Jiƙo da tsimi, irin na kunu, suna rage fayitet ɗin.

A 2018 Nijar ta amince da Chakti, irin geron ICRISAT mai yawan ƙarfe. Ko shi ma, in aka tsananta masa surfe, wani kaso na ƙarewa a kwanon rago.