Yadda sanyin hunturu ke sa albasa fitar da fure

A ƙasashen Turai akwai wani ɗan tsiro mai ƙamshi da fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa, wanda Faransawa ke kira muguet. Lokacin furensa watan Mayu ne, amma masu lambun can sun daɗe da gano yadda za su sa shi fure cikin ɗaki a tsakiyar hunturu. Sukan tono saiwarsa su ajiye a ɗakin sanyi na tsawon makonni, sannan su dasa a tukunya a wuri mai ɗumi. Cikin mako 3 zuwa 4 sai fure ya fito, domin a lissafin tsiron hunturu ya riga ya wuce.

Wannan tsiro ba zai jure zafin Zamfara ba, ga shi kuma da dafi tun daga saiwa har fure. Sai dai dabarar ba baƙuwa ba ce a nan. Da ita manoman rani na bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, da masu lambu a Tsafe suke samun irin albasa. Bambancin kawai, su hunturu ne ɗakin sanyinsu.

Albasa tsiro ce mai zango biyu. A zangon farko takan tara abinci ta yi kai, wanda shi ake kai wa kasuwa. Ba ta fure sai a zango na biyu, shi ma sai ta sha sanyi na makonni. Saboda haka mai neman iri yakan zaɓi lafiyayyun kawuna daga girbin bara, ya sake binne su bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Da yawa sukan yanke saman kan kafin binnewa don toho ya fito da wuri. Dararen Disamba da Janairu su ne ke yin sauran aikin. Daga nan kara mai rami ya miƙe daga tsakiyar lawashi, ya ɗora dunƙulen fararen furanni, kafin bazara ta kankama baƙin iri ya nuna.

Albasar Turai ta fi son sanyin da bai wuce digiri 7 zuwa 13 ba. Ta yankinmu, irin ja ta Galmi a Jamhuriyar Nijar, ta saba da kaɗan, sanyin asubahin hunturu ya ishe ta. Amma lissafin yana warwarewa. Idan zafi mai tsanani ya biyo baya da wuri, yakan shafe abin da sanyi ya fara, karan fure ya yi ƙaranci. Shekarar da hunturu ya gajarta, a farashin iri ake ganinta.

Sanyin da ke yi wa mai iri rana kuwa shi ke yi wa mai neman kai dare. Ƙaramin dashe ba ya jin sanyi, amma da zarar wuyansa ya kai kaurin fensir, sai ya fara ƙirga darare. Manomin da ya yi gaggawar dashe don ya riga kowa shiga kasuwa yakan tarar da gonarsa ta yi fure tun a zangon farko. Irin wannan albasa tana da kara mai tauri a tsakiya, wuyanta ba ya bushewa ya rufe, kuma ba ta daɗewa a rumbu. Ɗan kasuwar da ke sayen buhuna a lokacin araha don ya ajiye zuwa damina, wuya ya kamata ya fara dubawa kafin girma.

Shi kansa irin ba ya jure ajiya. A zafin wannan yanki, bayan shekara guda ƙarfin tsirarsa yakan ragu ƙwarai. Don haka manomin da rashin tsaro ya raba da fadamarsa na rani ɗaya ko biyu yakan rasa har irin da ya gada, ya koma saye a kasuwa ba tare da sanin asalinsa ba.

Mai son gwadawa a gida zai iya sanya kawuna biyu ko uku a ƙasan firji na mako 6 zuwa 8, in wutar lantarki ta yarda, sannan ya dasa a tukunya inda rana ke samu. Idan fure ya buɗe kada a yi feshin maganin ƙwari, domin ƙudan zuma da ƙudaje ne ke yi masa barbara.